Daga Bakin Shago: Ashe Ni Ce Kakar Sumayya

  Na san a makon jiya na yi alkawarin yau za mu tattauna yadda canjin naira da sefa ke cinye ribar mai saro kaya daga Kantin Kwari. Ku yi mini afuwa mu ɗage wannan zuwa mako mai zuwa. Akwai abin da ya tokare mini ƙirji wata uku ke nan, in ban fitar da shi ba ko lissafin ma ba zai zo mini daidai ba.

Ga sababbin masu karatu, daga Madagaska nake rubuto muku. Ba tsibirin nan na cikin teku ba, don Allah kada wani ya sake aiko mini saƙo yana tambayar kuɗin jirgi. Unguwa ce a cikin Yawunde, kusa da kasuwar Mokolo. Daga gidana da ƙafa nake takawa zuwa Briqueterie, wadda muke ce wa Birik, inda Hausawa suka yi kaka-gida tun zamanin kakanni, inda kuma ɗan shagona na atamfa da shadda yake. Yau maganar fim za mu yi. Amma ku biyo ni a hankali, maganar gida ce ta sa rigar fim.

Duk macen da ta yi 'yanmatanci a Kano a farkon shekarun 1990 ta san In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Littafin ya fito a 1991, lokacin ina sakandare. Haya muke karɓo shi, mu cusa shi cikin littafin lissafi, malami na ta fama a gaban allo mu kuwa muna can tare da Sumayya. Zamanin marubutan Raina Kama ke nan, su Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu, zamanin da iyaye da malamai ke ta faɗa cewa littattafan soyayya za su lalata tarbiyya. Da aka mayar da littafin fim a 1994, shekara huɗu kacal bayan Turmin Danya ya buɗe ƙofar fim ɗin Hausa na bidiyo, sai abin ya zama ruwan dare. Wadda ba ta iya karatu ba ma yanzu ta ga Sumayya da idonta.

Ga wanda bai sani ba, ga labarin a dunƙule. Sumayya 'yar masu kuɗi ce, ta kamu da son Muhammad, saurayi mai hankali da natsuwa amma ɗan talakawa. Ga kuma Abdulƙadir, ɗan kasuwa mai abin hannu, wanda ya ɗauka babu ƙofar da kuɗi ba za su buɗe ba. Da ya ga yarinya ta ƙi sauraronsa, sai ya bi ta bayan gida. Ya kama ƙafa da kakarta, ya yi ta yi mata hidima, kaka ta tsaya kai da fata sai an ba shi. Iyaye suka kasa tsallake maganar tsohuwa. Da abin ya kai maƙura Sumayya ta faɗa rijiya, Allah ya yi da sauran kwananta aka ciro ta, sai a lokacin idon manya ya buɗe, aka bar ta da wanda take so.

A 1997 aka kawo ni Yawunde amarya. Daga Kano zuwa Yola, Yola zuwa Garwa, Garwa zuwa Ngaundere, daga nan muka kwana a jirgin ƙasa muka wayi gari a wannan birni mai tuddai da jan ƙasa. A ƙasan akwatina, ƙarƙashin zannuwan lefe, akwai abu biyu da ko mahaifiyata ba ta san na ɗauko ba: littafin da kaset ɗin. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da bidiyo. Kafin in yi wata biyu ɗakina ya zama silima. Da an yi azahar maza sun koma kasuwa, matan gidanmu da na maƙwabta za su cika tabarma. Akwai 'yan Garwa da Marwa da Hausarsu ba ta nuna ba, a riƙa fassara musu da Fulatanci. Mun kalli kaset ɗin nan har hoton ya fara rawa. Duk inda aka gwale Abdulƙadir sai ɗaki ya kaure da shewa. Duk inda kaka ta buɗe baki kuwa sai ka ji tsaki ta ko'ina, nawa ya fi na kowa ƙara.

Akwai wata tsohuwa a gidan da muke kira Goggo, ita ma ta riga mu gidan gaskiya. Ita ba ta shewa, ba ta tsaki, goronta kawai take ci. Wata rana na ce, "Goggo, ke ba ki ga muguntar tsohuwar nan ba?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Amarya, ki bari ki haifa tukuna." Na yi dariya, na ce a raina tsofaffi dai bakinsu ɗaya.

To, na haifa. Mata uku Allah ya ba ni, babu namiji. Babbar tana aure a Garwa. Auta tana sakandare. Ta tsakiyar, wadda ba zan faɗi sunanta ba don kada ta daina gaishe ni, shekararta 22, tana karatu a jami'ar da ke Ngoa-Ekelle. Shekara uku da suka wuce maigida ya kwanta ciwo, wata biyar aka yi ana jinya, kuɗin asibiti ya cinye abin da ya cinye, sannan ya cika. Da aka zauna rabon gado, malam ya yi bayani yadda shari'a ta tsara: a fara biyan bashi, sannan mata ta ɗauki tumuni, 'ya'ya mata su ɗauki kashi biyu cikin uku, ragowar ta tafi ga 'yan uwan mamaci. Tsari mai kyau. Sai dai da aka buɗe littafin shago, sai ga shi fiye da rabin kayan da ke kan kanta ba namu ba ne. Na wani Alhaji ne, babban dila, wanda ya shekara goma sha yana ba maigida kaya bashi, a sayar a kawo kuɗi.

Gaskiya ɗaya ce, mutumin nan ya yi mana halacci. Bai zo ya kwashe kayansa ba. Ya ce in ci gaba da riƙe shago a kan tsarin da suke da marigayi. Da wannan na biya kuɗin haya, na biya kuɗin makaranta, na sabunta takardun zama. Duk wanda ke zaune a ƙasar da ba tasa ba ya san abin da nake nufi. A gida in ka faɗi akwai dangin da za ka faɗa kansu. A nan in ka faɗi, ƙasa za ka tarar.

Bara da azumi sai alherin ya fara canza kama. Buhun shinkafa, katan ɗin madara, jarkar mai. Da Sallah ga leshi mai tsada, wai na 'yar tsakiya. Sai waya sabuwa a kwalinta. Ni ba yarinya ba ce, na san inda aka dosa, na kuwa karɓa ina godiya. Bayan Sallah ya aiko ƙanwarsa da magana: yana neman a ba shi yarinyar, ta zama ta uku. Aka kuma ɗan rataya wata magana a gefe, cewa ai tsakanin suruki da suruka babu zancen bashi. Bashin nan ya haura sefa miliyan uku. Ku da kuke kasuwa ku auna da kanku yadda wannan magana ta sauka a kunnena.

Matsalar ita ce yarinya tana da wanda take so, kuma na sani. Wani tela ne a Birik, haifaffen nan, keke biyu gare shi da yaro ɗaya mai koyon aiki, shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Yana gaishe ni har ƙasa. Da can ina amsawa da fara'a. Daga ranar da ƙanwar Alhaji ta zo sai na ga duk ya bi ya rame a idona, takalminsa ma ya fara ba ni haushi.

Zan faɗi abin da na yi ba tare da na yi wa kaina kwalliya ba. Ban taɓa cewa dole ba. Ban ɗaga hannu ba, ban yi barazanar tsinuwa ba. Amma mu iyaye mata muna da hanyoyin da suka fi dole zafi. In ta shigo sai in yi ajiyar zuciya. In ana cin abinci sai in ce ko wa ya san inda na gobe zai fito. Sai in kira Auta in ce ta dage da addu'a, don ban san ko za ta gama makaranta ba. Sai in ɗauko hoton babansu in zauna ina kallo daidai lokacin da na san za ta wuce. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta koma shiru. Ta rage cin abinci. Ni kuwa na ce wa kaina ai hankali ne ya fara shigarta.

Ran nan da daddare ruwa ya tsuge irin na Yawunde, aka kuma ɗauke wuta. Muna zaune mu uku a ɗaki ɗaya. Sai ta ɗauko kwamfutarta ta makaranta ta ce, "Umma, akwai sauran caji, ki zo mu kalli wani fim. Na Turawa ne amma babu abin kunya a ciki, kuma za ki yi dariya." Rabon da ta neme ni da hira an fi wata. Na matso.

Fim ɗin shi ne Pride and Prejudice, wanda aka yi a 2005, Keira Knightley ta fito a matsayin Elizabeth. Da Faransanci yake magana, inda ya fi ƙarfina tana juya mini da Hausa. Ta ce daga littafi aka ɗauko shi, na wata Baturiyar Ingila mai suna Jane Austen, wanda aka buga tun 1813, kuma an sha mayar da shi fim, har Indiyawa sun yi nasu a 2004 da Aishwarya Rai, suka kai labarin garin Amritsar. Na ce to, ashe su ma suna da nasu Gidan Dabinon.

Labarin gidan wani mutum ne, Mista Bennet, mai 'ya'ya mata biyar babu namiji. Matarsa ba ta da zance dare da rana sai yadda za ta aurar da su ga masu kuɗi. Da ta ji wani saurayi mai samun fam dubu huɗu zuwa biyar a shekara ya tare a unguwa, sai ta rikice kamar an ce gobe Sallah. Ga abokinsa Darcy, mai fam dubu goma a shekara, amma girman kai ya hana shi ko murmushi. Ga kuma wani ɗan uwansu limamin coci, Mista Collins, sarkin surutu da fadanci, wanda ya zo neman aure kamar mai cinikin akuya, yana lissafo dalilansa ɗaya bayan ɗaya. Elizabeth ta ce ba ta so. Uwar ta bi ta a guje har bakin tafki tana kururuwa, uban kuma ya goyi bayan 'yarsa cikin zolaya. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, don wallahi matar nan abin dariya ce.

Sai na tambaya, wai me ya sa uwar ta nace wa wannan sakaran? Yarinya ta tsayar da fim ɗin ta yi mini bayani. Gidan da suke ciki da gonakin an ɗaure su da wata ƙa'idar gado ta Ingila ta wancan zamani, wadda ta ce namiji kaɗai zai gada. Ranar da Mista Bennet ya mutu, wannan Collins ɗin shi ne mai gida. Yana iya cewa uwa da 'ya'yanta biyar su tattara su fita. 'Ya'yan ba su da sana'a, abin da uwar ta mallaka ba zai riƙe su ba. In Elizabeth ta aure shi, gida ya tsira.

Daga nan dariyata ta ɗauke. Kowa na kallon mace mai kwaɗayi da rashin kamun kai, ni kuwa ina kallon mace da ke kwana ba barci tana lissafi. Mijin yana ɗakin karatunsa yana ba'a, ita kaɗai ce a gidan ta san ana iya wayar gari a titi. Na ji kamar in shiga cikin kwamfutar in riƙe mata hannu in ce, 'yar uwa, na san ciwonki.

Da fim ya ƙare, Elizabeth ta auri Darcy bayan kowannensu ya sauke girman kansa, sai ɗaki ya yi tsit, ruwa kawai ake ji a kan kwano. Yarinyar nan ta tashi ta haska fitilar waya, ta buɗe tsohon akwatina, ta ɗauko In Da So Da Ƙauna. Ban san ta san yana nan ba. Bangon ya yage, takardun sun yi ja. Ta buɗe wani shafi ta miƙo mini ba ta ce komai ba. A gefen shafin, da biro shuɗi, da rubutun 'yar sakandare, an rubuta: Allah ya isa tsakanina da wannan tsohuwa. Rubutuna ne.

Ta ce, "Umma, ni ba zan faɗa rijiya ba, kada ki ji tsoro. In kin ce in aure shi zan aure shi, don na san abin da ke kanki. Amma ina so ki faɗa mini da bakinki, ki daina faɗa mini da ajiyar zuciya."

'Yan uwa, an ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shekara kusan talatin ina tsine wa kakar Sumayya, ashe kujerarta nake ɗumamawa. Abdulƙadir bai bi ta wurin yarinya ba, ta wurin tsohuwa ya bi, da kyauta da hidima. Ni ma ta nan aka biyo, na kuwa buɗe ƙofa. Daren nan na tuna Goggo da goronta. Ta yi gaskiya, sai da na haifa na gane tsoron da ke cikin tsohuwa. Abin da ba ta faɗa mini ba shi ne, gane tsoron bai mayar da shi gaskiya ba.

Na yi kwanaki ina juya fina-finan nan biyu a raina, ga abin da na fito da shi. Dukansu sun faɗi gaskiya a wuri ɗaya: auren da aka ƙulla don a toshe ramin da ke aljihun iyaye, yarinya ce ke biyan kuɗinsa har ƙarshen ranta. Amma dukansu sun yi mana wayo a wani wurin. Elizabeth ta ƙi mai gadon gida, sai marubuciya ta ba ta wanda ya fi kowa kuɗi a labarin. Sumayya ta zaɓi talaka, amma ita 'yar masu hali ce, ba a bin gidansu bashi. Mai alƙalami yana iya share wa jarumarsa hanya. Mu namu 'ya'yan babu mai rubuta musu shafin ƙarshe sai Allah. Shi ya sa a fim ɗin Turawan wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Charlotte, ƙawar Elizabeth, mai shekara 27, wadda ta karɓi Collins ɗin da idonta biyu don ta samu rufin asiri. Irinta sun fi yawa a cikinmu, kuma ba na zagin kowace. Bambancin shi ne ita ta zaɓa da kanta, ba a tura ta ba.

Yarinyar ta ƙara gaya mini wani abu game da ita Jane Austen. Ba ta taɓa aure ba har ta rasu a 1817 tana da shekara 41. A 1802 wani mai gadon dukiya ya nemi aurenta, ta amsa da daddare, gari na wayewa ta janye. Bayan rasuwar mahaifinta a 1805, ita da mahaifiyarta da 'yar uwarta sun koma dogaro da abin da 'yan uwanta maza ke taimaka musu da shi. Wato matar da ta sa duniya dariya a kan uwa mai neman suruki mai kuɗi ta san ainihin abin da ake tsoro, ta kuma ɗanɗana shi. Wannan ya sa na ƙara ganin girmanta.

Kada kuma mu ɗauka ciwon namu ne mu kaɗai. Maƙwabtanmu na nan Kamaru suna da nasu tsohon fim na ban dariya, Pousse-Pousse na Daniel Kamwa, tun tsakiyar shekarun 1970, labarin wani mai turin kaya a Duwala da uban budurwarsa ya mayar da shi saniyar tatsa da sunan kuɗin aure. Duk wani dattijo ɗan ƙasar nan da ka tambaya zai ba ka labarinsa yana dariya. Ingila, Kano, Duwala: an canza tufafi ne kawai. Ina ganin dalilin da ya sa ake yin irin waɗannan labarai da raha shi ne, ba a iya gaya wa babba gaskiya kai tsaye. Sai a sa shi dariya tukuna, in ya buɗe baki a jefa masa maganin.

Addininmu kuwa bai bar mu cikin duhu ba. Malamai suna karantar da mu cewa ana neman izinin budurwa kafin a aurar da ita, kuma a cikin Bukhari akwai labarin Khansa'u 'yar Khizam, bazawara, da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Mukan riƙe cewa shirun budurwa yardarta ne, mu manta shirun kunya daban, shirun wadda aka toshe wa baki da tausayin uwa daban. Ta fuskar hukuma ma, dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016, sashe na 356, ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya tilasta wa wani aure. Mu baƙi ya kamata mu san wannan. Game da rijiya kuwa, 'yanmata ku ji ni da kyau: tun fitowar littafin ake sukar wannan wuri, kuma masu sukar suna da hujja. A fim ana ciro mutum a ci gaba da labari. Wadda abu ya isa ta nemi goggo, ko malama, ko limamin unguwa, ta buɗe baki ta yi magana, kamar yadda tawa ta yi.

To me na yi? Na farko, na kira Baffan yara, ƙanin marigayi, wanda shi ne waliyyi, na zayyana masa komai har da abin da ban so faɗa ba. Ya yi shiru ya ce, "Yaya, kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Mu fara mayar da ladan." Muka haɗa waya da leshi, abin da aka riga aka ci muka ƙiyasta kuɗinsa. Ya ɗauki dattijo ɗaya daga masallaci suka je suka samu Alhaji. Suka gode masa a kan halaccin da ya yi mana, suka ce yarinya ba ta amince ba, bashi kuma yana nan a matsayin bashi, a rubuta shi a takarda da shaidu, a yanka abin da za a riƙa biya duk wata.

Na biyu, tela. So ba ya hana bincike, don so hana ganin laifi ne. Baffa ya bi asalinsa, ya tambayi maigidan da ya koya masa aiki, ya tambayi waɗanda suke sahu ɗaya da asuba. Ni kuma na yi nawa binciken irin na 'yan kasuwa. Na bi mata biyar da suka kai masa ɗinkin Sallah na tambaye su abu ɗaya: ya cika alkawari? Huɗu suka ce ranar da ya faɗa ranar suka karɓa. Ta biyar ta ce tun farko ya gaya mata aiki ya yi masa yawa ba zai iya ba, ta ji haushi ta kai wani wuri, a can aka yi mata ɗinkin bayan an sauko daga idi. Jama'a, telan da zai ƙi karɓar kuɗi ana saura kwana goma Sallah don kada ya yi ƙarya, ai ko a fim ban taɓa ganin irinsa ba.

Na uku, na kafa sharuɗɗa, kuma a gabansa na faɗa. Za ta ƙarasa karatunta. Bayan ɗaurin aure a masallaci za a je ofishin magajin gari a yi na takarda, don ita da 'ya'yanta su samu madafa a ƙasar nan. Sannan na ware mata kanta ɗaya a shago, da littafinta daban, ribar tata ce. Abin da ya sa matar Bennet ta zama abin dariya shi ne 'ya'yanta biyar babu mai iya juya ko sisi. Abin da ya sa ni na kusa sayar da tawa shi ne na shekara ashirin da wani abu a gidan ɗan kasuwa ban taɓa buɗe littafin shagonsa ba sai da ya mutu. Ba na so ta gaji wannan.

Kada ku ɗauka labarin ya ƙare da kiɗa da rawa. Alhaji ya karɓi maganar da mutunci, bai yi faɗa ba, amma tun daga ranar bai sake ba ni ko yadi ɗaya bashi ba, kuma haƙƙinsa ne. Wanda ya leƙo shagona yanzu zai ga rabin kantocin babu kaya, na baje zannuwa don su rufe gurbin. Wata biyu na biya a kan lokaci, na uku sai da na sayar da 'yan kunnena. Akwai daren da nake farkawa in ce anya ban yi wauta ba? Wasu ƙawayena a Birik sun ce na yi, sun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wataƙila. Ba ni da tabbacin telan nan zai zama yadda nake fata, mutum ba a gama saninsa. Abin da na sani shi ne an sa rana bayan Babbar Sallah, kuma yarinyata ta dawo cin abinci, ta dawo cika mini kunne da surutu har ina korarta.

Shawarata ga iyaye 'yan uwana, musamman mu da ke zaune a bakin arzikin wasu: ku raba littafin bashi da maganar aure, kada su kwana a aljihu ɗaya. In kyauta ta fara shigowa gida daga hannun wanda ke bin ku, ku tambayi kanku kuɗin mene ne ake biya. Ku kuma zauna ku kalli irin fina-finan nan tare da 'ya'yanku, ku lura da wurin da suke dariya da wurin da suke satar kallonku.

Kaset ɗin yana nan, sai dai babu bidiyon da zai juya shi. Littafin kuwa Auta ta ɗauke, na gan shi jiya cikin littafinta na lissafi. Na yi kamar ban gani ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan naira da sefa. Wanda ke da dila mai ba da atamfa a kan amana kuma ba shi da niyyar ƙara aure, ƙofar shagona a buɗe take. Ku huta lafiya.